Motocinmu a tsaye suke lalacewa, saboda fakin ɗin ganganci

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Kano, ko Zoo Road ko Murtala Muhammad Way ko nan wajen Bata, ya ƙare wa motocin da ke wucewa kallo, zai ga da wuya a samu mota guda da kusurwoyinta huɗu suke lafiya lau. Wannan bambarta ta baya a tsage an ɗaure da waya, waccan ƙofa a lotse, ga wata madubin gefe an naɗe shi da salatif, wata kuma dogon karce ne tun daga ƙofar direba har wajen tankin mai. In ka tambayi masu su, yawanci ba za ka ji maganar hatsari a hanyar Zariya ko hanyar Katsina ba, abin da za ka ji shi ne "wallahi ajiye ta na yi na shiga kasuwa, na fito na tarar da ita haka." Mota tana tsaye, injin a kashe, mai ita ba ya nan, amma a nan ne take shan wahalarta. Abin nan yana ci min rai sosai, saboda kusan dukkansa abu ne da za a iya kauce masa in da muna ɗan duba na kusa da mu kafin mu kashe mota mu fita.

Kuma yanzu karce ba abin wasa ba ne. Tunda aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, duk wani abu na mota ya bi ta, tunda daga waje ake kawo su. Je ka Ƙofar Ruwa ka tambayi fitilar baya ta Corolla ko madubin Camry mai lantarki ka ji, sai ka riƙe baki. Fenti ma haka. Mutane suna ganin ai ɗan karce ne kamar tsawon yatsa, a ɗan shafa masa fenti shikenan, toh ba haka abin yake ba, musamman kala mai ƙyalli irin silba ko ruwan toka. Mai fenti zai ce maka sai an fesa ƙofar gaba ɗaya, wani lokacin har da gefen ta kusa da ita don kala ta saje, kuma ko ya iya haɗa fenti yaya, rana ta riga ta ci na jikin motar shekara da shekaru, in ka tsaya daga nesa da hantsi sai ka ga ƙofar ta fita daban. In lotsawa ce kuma sai mai kwankwasa ya buga ya cike da fila. Ranar da ka zo sayarwa dillali zai zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa yana saurare, da ya ji wajen da sautin ya toshe zai ɗago ya ce maka "Alhaji ai wannan ba fes bodi ba ce," wato an taɓa fentinta na asali, nan take kuɗinta ya faɗi. Wanda ya buga maka ƙofa ya tafi abinsa bai ma san asarar da ya jawo maka ta kai haka ba.

Bari in ɗan yi lissafi don a gane me ya sa layin nan da ake ja a ƙasa yake da muhimmanci. A wuraren da aka tsara, irin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 ko filin jirgi, faɗin gurbin mota ɗaya wajen mita biyu da rabi ne. Mota irin Camry ko Hilux faɗinta ya kai wajen mita 1.8. Abin da ya rage santimita 70 ne, in ka tsaya a tsakiya 35 ta dama 35 ta hagu, in maƙwabcinka ma ya tsaya a tsakiyar nasa sai ya zama tsakaninku akwai 70, wanda da ƙyar yake isar babban mutum ya buɗe ƙofa ya fito da babbar riga. Toh yanzu a ce shi ya karkace ya hau layi, ya cinye 30 daga ciki, saura 40, ta ina za ka fita ba tare da ƙofarka ta taɓa tasa ba? Kuma abin ba a kanku yake tsayawa ba, kai ma dole ka matsa ka hau layin na gaba, shi ma ya matsa, kafin ka ankara layin gaba ɗaya ya karkace an yi asarar gurbi biyu ko uku saboda mutum ɗaya da ya ga gyara tsayuwa zai ɓata masa lokaci. Gyaran nan kuwa ribas ɗaya ne da dawowa, ko minti ɗaya bai kai ba.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne mai toshe mutane. "Yanzu zan fito, minti biyu ne." Kowa ya san minti biyun nan. Na taɓa tsayawa a harabar wani asibiti da rana tsaka, wata baiwar Allah an ce ta kai mahaifiyarta wani wuri a yi mata hoto da gaggawa, an riga an kwantar da tsohuwar a kujerar baya, jikarta na yi mata fifita da kwali, sai ga wata baƙar jif an gicciye ta a bayansu an kulle an tafi. Babu lamba a gilashi, babu kowa a ciki. Matar nan ta danna hon har ta gaji, mai gadi ya shiga ɗaki-ɗaki yana cigiyar mai mota kaza, samari suka taru suka gwada turawa, ina, motar otomatik ce tana kan P ko motsi ba ta yi. Tsohuwar tana nishi, zafi ya cika motar, ita kuma 'yar tata ta tsaya riƙe da takardar likita hannunta na rawa, ba ta zagi kowa ba, hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi. Da mutumin ya fito daga ƙarshe, waya a kunne, mai gadi ya ce "ranka ya daɗe ka tare mara lafiya fa," abin da ya fito daga bakinsa shi ne "ai ban daɗe ba." Ko sannu bai ce ba. Har yau in na tuna fuskar matar nan sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

In ta kama dole ka tare wani, kuma ni ban ga dolen ba a asibiti, toh aƙalla ka rubuta lambar wayarka da manyan baƙi ka ajiye a kan dashbod ta cikin gilashi, ka kuma ɗaga wayar in an kira. Ko ka bar wani a ciki da makulli. Wasu a kasuwannin Kwari da Singa suna barin makulli wajen yaran da ke kula da wurin don a riƙa matsar da motoci, wannan kuma sai wanda ka sani ka yarda da hannunsa, don wani yaron a motarka zai koyi ribas.

Ranar Juma'a kuma abin har kunya yake ba ni. Mutum ya makara, liman ya kusa sauka daga mumbari, sai ya jefar da mota duk inda ta tsaya, ƙofar gidan mutane, bakin lungu, kan kwana, a yi layi biyu a yi uku har titi ya rufe ruf. A lungun nan da ka toshe akwai mai naƙuda, akwai wanda zai kai yaro asibiti, akwai wanda ba Musulmi ba ne yana kallon yadda muke yi. An idar da sallah kuma sai ya tsaya gaisawa da abokai, na ciki suna zaune cikin rana suna jiransa. Mu da aka koya mana tun muna Islamiyya cewa hanya tana da haƙƙi, kuma daga cikin haƙƙinta akwai kame cutarwa, aka ce mana kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, yaya za a yi ka je neman lada ka bar motarka ta zama ita ce abin cutarwar? Ina roƙon limamai su riƙa taɓo wannan a huɗuba, wallahi ya cancanta. Haka wajen ɗaurin aure, haka wajen ta'aziyya. Fitowa da wuri da minti goma sha biyar, ko ajiye mota can nesa a tako da ƙafa, shi ne maganin abin gaba ɗaya.

A kasuwa kuwa ba mota ce kaɗai abokiyar karawarka ba. Akwai mai baro da ya ɗoro dila ta fi shi tsayi ba ya ganin gabansa, akwai mai kura da ƙarfen gefenta ya fito, akwai ɗan dako da kwali a ka, ga kurar 'yan garuwa in ta ɗauko gangara da jarkoki cike ba ta da birki sai ƙafar mai turawa. Ga kuma Adaidaita Sahu. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a farkon 2013 suka cika gari, kuma yadda ƙirarsu take, gaba siriri baya mai faɗi, shi ke sa direba ya ga kansa ya shige ya ɗauka ya wuce, sai ƙarfen baya ya ja maka layi a ƙofa. Ni ba na ganin laifin masu baro sosai, hanyarsu ce ta neman abinci, kai ne ka kawo mota ka ajiye a inda suke bi. In ka ga wuri an bar shi fili a bakin layin kasuwa alhali ko'ina a cike, ka tambayi kanka me ya sa, galibi mashigar kaya ce. Kuma duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san abin da ake nufi da a bar wa motar kashe gobara hanya, mashigar kasuwa ba wajen fakin ba ce ko na minti ɗaya.

Ni dai abin da na tsayar wa kaina, kuma nake gaya wa ƙannena da duk wanda na koya wa tuƙi, shi ne kar ka yi kokawar samun wuri kusa da ƙofa. Nan ne kowa ke rububi, nan ake shiga da fita ba ƙaƙƙautawa, nan masu sauri suke, nan ake sauke kaya. Wuce can ƙarshe inda ba kowa, ka taka na minti uku, lafiyar jikinka ma ta ƙaru. In ka samu gurbin ƙarshe wanda gefe ɗaya bango ne ko dakali, ka kama shi ka ɗan matsa ta wajen bangon, ka rage maƙwabci ɗaya kenan. Sannan ka dubi motar da za ka tsaya kusa da ita. In ka ga jikinta duk tabo ne, bamba a rataye, toh mai ita ya riga ya saba, karce ɗaya ba zai dame shi ba, naka ne zai dame ka. In ka ga ta tsaya a karkace tayoyinta a juye, ka san a karkace za ta fito, kuma ta kanka za ta biyo. In ka ga Sienna ko Sharon cike da kayan yara, ka ba ta fili. Mota mai ƙofa biyu ƙofarta ta fi tsayi, tana buƙatar wuri fiye da sauran. Kar ka tsaya dab da bayan babbar mota ko tifa, direban ba ya hango ka ta madubi in ka matse shi. Kar ka tsaya a kan kwana inda masu juyawa ke yanko hanya. Ka miƙar da tayoyinka kafin ka kashe, ka naɗe madubai biyun, daƙiƙa biyar ne amma madubi shi ne abin da ya fi fitowa a jikin mota kuma shi ake fara tafiya da shi. In wurin gangara ne ka ja birkin hannu sosai, mai giyar hannu ya bar ta a giya, kar a dogara da dutse a bayan taya.

Sai maganar shiga da baya. Mutane da yawa suna tsoronta, suna ganin shiga da gaba ya fi sauƙi, eh ya fi sauƙi a lokacin shiga amma wahalar tana jiranka a fita. Lokacin da ka iso, ka riga ka ga wurin da idonka, ka san babu yaro babu babur a ciki, gurbin a tsaye yake ba ya motsi. Lokacin fita kuwa hanya ce mai motsi za ka shiga, in da baya za ka fito motocin gefe sun rufe maka ido, sai rabin motarka ya fita kafin ka ga mai tahowa. Ƙari a kan haka tayoyin gaba ne ke juyawa, shi ya sa mota ta fi iya lanƙwasa ta shiga matsattsen wuri da baya. A koya a fili, ranar Lahadi da safe a samu wuri ba kowa a jera jarkoki biyu a yi ta gwadawa har hannu ya faɗa. Masu kyamarar baya kuma, kyamara tana taimakawa amma ba ta ganin kusurwar bambar gaba lokacin da take lilo ta gefe, kuma ƙura tana rufe ta, a riƙa goge ta a kuma riƙa waiwayawa. In wani ya tsaya yana ce maka "taho, taho, kwana, ya isa," ka sauke gilashi ka ji shi da kyau, in ka yi shakka ka ja birki ka fito ka duba da kanka, ba abin kunya ba ne.

Ƙofa kuma a koya wa yara. Yaro da an tsaya zai banko ƙofa da ƙarfinsa ya fice, shi ba ruwansa. Akwai ɗan makulli a gefen ƙofofin baya, in ka buɗe ƙofar za ka gan shi, in ka tura shi ba za ta buɗu ta ciki ba sai ka zagayo ka buɗe musu. Manya ma a riƙa sa hannu a bakin ƙofar lokacin buɗewa a matsatsi, gara bayan hannunka ya taɓa motar mutum da ƙarfe ya taɓa ta. In ana iska a riƙe ta gam, iskar hadari tana fizge ƙofa daga hannu ta maka ta a jikin ta kusa.

Inuwa ma da nata. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kowa bishiya yake nema, kuma da gaskiyarsa don rana tana fasa dashbod tana cin fenti. Amma ka ɗaga kai ka dubi bishiyar tukuna. Darbejiya tana zubar da 'ya'ya masu danƙo, tsuntsaye suna kwana a kai, kashin tsuntsu da na jemage kuwa in ya bushe a rana yana cin fenti ya bar tabo ko an wanke, in ya zuba a jiƙa shi da ruwa a ɗauke a ranar, kar a kankare shi a bushe. Farkon damina kuma, lokacin da iska ke zuwa da ƙura kafin ruwa, ka nisanci tsohuwar bishiya da allon talla da katangar da ta tsage da rumfar kwano, duk shekara muna ganin reshe ya faɗo ya ragargaza gilashi. A watan Agusta ka lura da inda ruwa ke kwanciya, wurin da ka ajiye a bushe da azahar kafin la'asar ruwa na iya kaiwa ƙofa, in ya shiga ƙarƙashin kujeru ya taɓa wayoyi an shiga wani babin. Kuma don girman Allah kar a bar yaro a mota a rufe a ce yanzu za a dawo, cikin mota a rana yana zafi fiye da waje nesa ba kusa ba cikin 'yan mintuna, an sha rasa yara ta haka a ƙasar nan, wasu ma su suka shiga motar da aka bari a buɗe a ƙofar gida suna wasa ta rufe da su. Turare na fesawa da laita da fawa bank su ma a fitar da su. Lokacin hunturu in ƙura ta lulluɓe motar, kar ka bar kowa ya goge ta da busasshen tsumma, ƙurar nan yashi ce, gogewa ɗaya take barin zane-zane a fenti, ka ba yaron abin da za ka ba shi ka ce ya bari sai an samu ruwa.

Mai gadin wurin kuma ka ɗauke shi mutum. Ka sauke gilashi ka yi sallama, "Baba sannu da aiki, ina zan tsaya?" Shi ya wuni a nan, ya san inda baro ke bi, ya san motar da za ta fita yanzu da wadda za ta kai dare. In ka girmama shi zai sa maka ido, in wani ya goge ka shi zai tare shi ko ya riƙe lambar. Amma ka sani kuɗin tikitin da ka biya kuɗin wuri ne, yawancin wuraren nan akwai allo da aka rubuta cewa duk abin da ya samu motarka ba ruwansu, saboda haka kar ka bar jaka ko kwamfuta ko waya a kan kujera, ko da jakar ba komai a ciki ɓarawo bai sani ba sai ya fasa gilashin. In za ka sa abu a but ka sa tun kafin ka iso, ba a gaban jama'a ba. Ka danna rimot ka kuma ja ƙofar da hannunka ka tabbatar ta kullu. Abubuwan da ake cirewa sanannu ne, gilashin madubi, batir, ƙwaƙwalwar mota, da abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi. Shi ya sa ake zana lambar mota a jikin madubai da gilasai, yana rage kwaɗayin mai cirewa don zai yi wuyar sayarwa. In dare zai yi maka, nemi inda fitila take da idon mutane. A titi kuma ka duba alamar hana tsayawa, 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, suna janye mota, kuma ja da kansa yana iya lalata bamba ko giyar otomatik ban da tarar da za ka biya.

Mutane da yawa suna cewa ai ina da inshora. Wace iri? Wadda doka ta wajabta, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023, ba ta gyara motarka, motar wanda ka buga take gyarawa, har zuwa Naira miliyan 3. 'Yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Amfaninta a nan babba ne in ta gaske ce, domin in kai ka goge motar wani ba sai ka gudu ba, akwai inda za a nema. Matsalar ita ce da yawa takardar bogi suke riƙe da ita, wadda aka haɗa musu da sauran takardu ba su san kamfanin ba, ka shiga shafin NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa a intanet, ka sa lambar motarka ka gani ko tana ciki. Wadda ke gyara taka motar ita ce cikakkiya, ita kuma tana da tsada don da darajar motar ake lissafa ta, masu ƙyamar inshora saboda addini kuma akwai kamfanonin takaful yanzu, wato inshorar Musulunci, a je a tambaya.

Wanda ya goge motar mutum ya waiga bai ga kowa ba ya ja ya tafi, ya sani bashi ya ɗauka, rashin shaida bai sauke masa shi ba. Ka tsaya. Ka nemi mai ita ta wajen mai gadi, in ba a same shi ba ka rubuta lambarka ka maƙala a waifa ka kuma bar wa mai gadin. Sau da yawa in mutum ya ga ka tsaya da kanka ka ce "Malam ni ne na taɓa ka, ka yi haƙuri, mu je a duba," rabin fushin ya tafi, wani ya ce Allah ya kiyaye gaba ku rabu da musabaha, wani ku raba kuɗin gyaran. In kai aka yi wa kuma, kafin ka matsar da motar ka ɗauki hoto, da taka da ta kusa da kai da lambobinsu, ka duba kalar fentin da ya manne a wajen karcen, ka tambaya ko akwai kyamara. Kar ka fara da zagi, kar ka tara jama'a, 'yan kallo ba su taɓa biyan kuɗin fenti ba sai dai su ƙara wa wuta fetur.

Masu gina plaza su ma da nasu kason. Za ka ga bene hawa uku, shaguna sun fi hamsin, an cinye filin har bakin kwalta, wurin mota bai wuce na shida ba, masu shagunan kansu sun cike shi tun ƙarfe tara na safe, kwastoma kuma sai titi. Hukumar KNUPDA da ke ba da izinin gini ita ya kamata ta tsaya kai da fata a kan wannan tun a takarda, kafin a zuba kankare. Waɗanda suke da filin kuma, abin da ake nema a wajensu bai da yawa, galan ɗin fenti fari a ja layi a kuma sabunta in ya goge, a sa ɗan dakalin da taya za ta tokara kafin bamba ta kai bango, a raba ƙofar shiga da ta fita, a ware wa babura da Adaidaita gefensu, a sa fitila da kyamara mai aiki, a kuma ba mai gadi ikon ya ce wa kowane Alhaji ya koma ya gyara tsayuwarsa, in ya faɗa kuma mai wurin ya goya masa baya.